Sai an gwada akan san na ƙwarai: Darasin Zongo Lane ga bankuna da hukumomin Ghana

Duk wanda rediyonsa, amfilifaya ko talabijin ta taɓa lalacewa a Accra ya san inda ake dosa. Zongo Lane ake zuwa, can cikin tsohon gari, ba nisa da Makola da Tudu, inda shaguna suka jeru maƙil da wayoyin lantarki, batura, lasifika da 'yan mitsi-mitsin kayan gyara waɗanda sai ka ƙura ido kafin ka karanta lambar da ke jikinsu.

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya karɓar kaya a layin nan ya jefa aljihu ya wuce. Sai ya ce a kawo mita a ɗora. In ƙwan fitila ne, a kunna a gabansa. Haka yake yi idan ya koma teburinsa a Nima ko Maamobi: ya sauya abu ɗaya, ya jona wuta, ya gani, sannan ya taɓa na biyu. Ba ya sauya abu goma a tare, ya ɗaure sukurori, sannan ya ce bari mu ji ko za ta yi magana. Ya san in ta ƙi, zai kwana yana laluben wanne ne mai laifi a cikin goman.

Wannan dabara da yaron shago ke koya a watansa na farko ita ce manyan bankuna, kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati na duniya suka shafe sama da shekara 20 suna kai-komo a kanta. Masana kwamfuta suna kiranta ajayil, wato gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gwada kowane yanki tun yana hannu. Ƙananan kamfanoni sun rungume ta tuntuni. Manyan hukumomi masu doka da oda kuwa har yau suna ɗari-ɗari da ita, kuma suna da dalilansu.

Kuɗin unguwa ya koma cikin waya

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai sayar da waakye da yadda ake gwada manhaja a ofishin banki? Ruwanta na nan, kuma mai yawa ne.

Tun da MTN ya fara harkar tura kuɗi ta waya a Ghana a 2009, abin da kowa ke kira momo ya shiga ko'ina. A ranar 10 ga Mayun 2018, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar da tsarin da ya haɗa layukan wayar, ta yadda mai MTN zai tura wa mai wani layi kai tsaye. GhIPSS ne ke riƙe da wannan mahaɗa, kamfanin da Babban Bankin Ghana ya kafa a 2007 kuma shi kaɗai ya mallake shi.

Yau ka zaga kasuwar Nima, za ka ga lambar momo a manne a gaban shago, a jikin teburin mai koko, har a wurin taron biki da na zaman makoki. Dillalin albasa yana biyan mai kaya da ke Bawku ba tare da ya tashi daga kan buhu ba. Ɗan da ke Jamus ko Amurka ya turo wa tsohuwa kuɗin magani, ya faɗo cikin wayarta.

Idan mutum ya danna *170# ya tura sidi 200, saƙon na iya ratsa manhajar kamfanin waya, ya bi ta GhIPSS, ya shiga kwamfutar banki, sannan amsa ta dawo, duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kowace gaɓa mutane ne suka rubuta ta, kuma ana taɓa ta a kai a kai. Ranar da aka taɓa ba a gwada da kyau ba, a nan ake jin "an cire min kuɗi, bai shiga ba". Wanda ake tsarewa a ranar shi ne yaron da ke zaune cikin 'yar rumfar momo a bakin titi, shi da bai taɓa ganin ƙofar ɗakin kwamfutar ba.

Yadda aka saba yi

Tsohon tsarin da manyan hukumomi suka gada ana kiransa gangarar ruwa, domin aiki na sauka ne daga mataki zuwa mataki, ba ya komawa sama. Ana danganta bayaninsa da wata maƙala da Winston Royce ya rubuta a 1970, kodayake shi kansa ya yi gargaɗi a ciki cewa bin sa a haka kai tsaye akwai haɗari.

Ga yadda yake tafiya. A yi watanni ana rubuta kundin buƙatu. Manya su sa hannu. A ba ɗan kwangila ko sashen kwamfuta su yi wata shida ko shekara suna ginawa. In sun gama, a miƙa wa masu gwaji. Daga nan a kira ma'aikatan da za su yi amfani da ita su duba su amince, sai kwamitin amincewa da sauyi ya zauna, sannan a zaɓi wani ƙarshen mako a sauya komai a dare ɗaya.

A takarda abin ya tsaru. Matsalar ita ce gwaji na zuwa ne a ƙarshe, daidai lokacin da kwanaki suka ƙure. An riga an sanar da ranar ƙaddamarwa, an gayyaci minista. Ginin da aka ce wata shida ya ci wata tara. To daga ina za a rage? Daga gwaji. Mako shida da aka ware sai ya koma kwana goma, a gwada hanyar da komai ke tafiya lafiya, a bar sauran ga Allah.

Sannan kuskuren da aka gano a ƙarshe ya fi tsada. Idan tun a kundin buƙatu aka fahimci doka a baibai, an riga an ɗora gini a kan karkataccen tushe. Hausawa sun faɗa, tun ran gini tun ran zane.

Tsoron yana da tushe

Kada a yi wa masu ɗari-ɗarin nan kallon 'yan gargajiya kawai. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ghana ba ta manta da girgizar bankuna ba. A Agustan 2017 Babban Banki ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank. A Agustan 2018 ya haɗe wasu bankuna 5 ya kafa Consolidated Bank Ghana. An ɗaga mafi ƙarancin jarin banki zuwa sidi miliyan 400. Ba manhaja ce ta kayar da waɗannan bankuna ba, amma tun daga lokacin duk wani shugaban banki ya san ana iya tambayarsa: wa ya ba da izini, ina takarda, wa ya duba?

Ga dokoki kuma sun yi layi. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2012, da umarnin tsaron intanet da Babban Banki ya fitar wa bankuna a 2018, da dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019, da dokar tsaron intanet ta 2020. Ma'aikatun gwamnati kuma suna ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, wadda a aikace take sa a fayyace abin da za a saya da farashinsa kafin a ba da kwangila. Ka ga kuwa tsarin da ke cewa "mu fara, za mu gyara a hanya" dole ya tayar wa mai binciken kuɗi da hankali.

Akwai kuma ɗabi'ar ofis. Jami'in da ya jinkirta aiki wata uku ba kasafai ake korarsa ba. Wanda ya sa hannu abu ya fashe, shi ake kira gaban kwamiti. Don haka kowa ke neman ƙarin sa hannu a saman nasa.

Darasin harajin E-Levy

Babu misalin da ya fi kusa da aljihun mutanen zango kamar harajin tura kuɗi ta waya. Majalisa ta amince da shi a ranar 29 ga Maris ɗin 2022, aka fara cira a ranar 1 ga Mayu. Wato kusan wata ɗaya kacal bankuna, kamfanonin waya da hukumar tara haraji ta GRA suka samu bayan dokar ta tabbata.

A baki dokar mai sauƙi ce: kashi 1.5 cikin 100, amma sidi 100 na farko da mutum ya tura a rana ba a taɓawa, kuma in ka tura daga asusunka zuwa wani asusun naka babu haraji. To bari mai gwaji ya zauna da ita.

Ɗauki wata Hajiya mai sayar da hatsi. Ta tura sidi 60 da safe, babu haraji. Da yamma ta tura 70. Jimla 130 ke nan, saboda haka 30 ne kaɗai za a cira a kai, wato pesewa 45. In manhajar ta kalli kowace turawa ita kaɗai, ba za ta cire komai ba, gwamnati ta yi asara. In ta cira a kan 70 ɗin gaba ɗaya, an zalunci Hajiya. To idan na safe ta layin MTN ta tura, na yamma kuma ta banki fa? Wa ke riƙe da lissafin? Idan ta tura sidi 100 cif? Idan ta tura da ƙarfe 11:59 na dare amma saƙon bai kammala ba sai bayan 12? Idan turawar ta gaza aka dawo mata da kuɗinta, harajin zai dawo tare da shi? Ta yaya kwamfuta za ta gane cewa mai wayar nan da mai asusun can mutum ɗaya ne?

A kwanakin farko jama'a sun yi ta ƙorafin an cire musu haraji a inda bai kamata ba, musamman masu tura wa kansu, har GRA ta yi alƙawarin za a mayar. Ita ma hukumar ta fara aikin ne mataki-mataki, kafin a haɗa masu cirar harajin a kan dandali ɗaya.

Labarin bai tsaya nan ba. A Janairun 2023 aka rage harajin zuwa kashi 1. A Afrilun 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya sa hannu aka soke shi baki ɗaya. Cikin shekara uku an taɓa wannan lissafi sau uku: sakawa, ragewa, cirewa. Hukumar da ke gwaji da hannu, duk lokacin sai ta tara ma'aikata su sake bin ɗaruruwan misalai ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta riga ta mayar da misalan nan gwajin da kwamfuta ke yi da kanta, sai ta sauya lamba, ta danna, cikin mintuna ta ga abin da ya karye.

Mene ne sabon tsarin?

A Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa da ta zama tushen ajayil. Gundarin maganarsu shi ne a riƙa fitar da abin da ke aiki a kai a kai, ana jin ta bakin mai kaya, maimakon a ɓuya a ɗaki shekara guda da tarin takardu.

A aikace ana yanka aikin gida-gida, yawanci mako biyu-biyu. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro ba a rana ɗaya suke isa Salaga ba. Zango-zango suke yi, a sauke kaya, a duba dabbobi, madugu ya ji labarin hanyar gaba, sannan a tashi. Daga wannan kalma ce unguwanninmu suka samo suna. Kowane mako biyu zango ne: a tsaya, a nuna abin da aka gina yana aiki, a gyara tafiya.

Ta fuskar gwaji, abu huɗu ne ke sauyawa.

Na farko, mai gwaji na shiga tun kafin a rubuta layi ɗaya. Mutum uku ke zama: wanda ya san harkar, mai rubutawa da mai gwaji. Su ɗauki doka su mayar da ita misalai masu lamba, irin na Hajiya mai hatsi. Sau da yawa a wannan zaman ake gano cewa mutum biyu a ofis ɗaya sun fahimci dokar daban.

Na biyu, misalan nan su ake mayarwa gwaji mai sarrafa kansa. Duk lokacin da wani ya taɓa manhajar, kwamfuta za ta bi su gaba ɗaya. In ɗaya ya faɗi, sauyin ba ya wucewa. Akasarinsu ƙananan gwaje-gwaje ne masu sauri da ke duba lissafi ɗaya-ɗaya, sai matsakaita da ke duba yadda sassa ke magana da juna, sai 'yan kaɗan da ke bin hanya tun daga danna waya har shigar kuɗi.

Na uku, tunda kwamfuta ta ɗauke aikin maimaici, ɗan Adam ya samu sarari ya yi abin da ya fi iyawa, wato neman rigima. Ya kashe waya ana tsakiyar turawa. Ya danna sau biyu. Ya sa suna mai tsawo. Ya gwada a tsohuwar waya mai madannai a inda sabis ke rawa.

Na huɗu, ba a sakin sabon abu ga kowa a dare ɗaya. A fara da ma'aikatan gida, sai reshe ɗaya, sai kaso kaɗan na abokan hulɗa, ana sa ido. Kuma kafin a saki, an tanadi hanyar komawa baya an gwada ta.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babbar hujjar masu tsoro ita ce yawan sauyi na kawo yawan haɗari. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, FCA, ta bincika wannan. A rahoton da ta fitar a Fabrairun 2021, bayan nazarin sauye-sauye kusan miliyan ɗaya da kamfanonin kuɗi suka yi wa manhajojinsu a 2019, ta gano cewa masu sakin ƙananan sauye-sauye a kai a kai, masu bin tsarin ajayil, sun fi samun nasara. Ta kuma gano cewa kwamitocin amincewa da sauyi sun amince da sama da kashi 90 cikin 100 na manyan sauye-sauyen da aka kawo gabansu, wasu ma ba su ƙi ko ɗaya ba a shekarar. Mai gadin da bai taɓa mayar da kowa ba, sai a tambayi me yake dubawa.

Su Birtaniya sun ji a jikinsu. A Afrilun 2018 bankin TSB ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa sama da miliyan 5 zuwa sabuwar manhaja a ƙarshen mako guda. Da gari ya waye, mutum kusan miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu yadda ya kamata, wasu ma suka riƙa ganin bayanan asusun wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumbar shekarar. A Disambar 2022 hukumomi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. An yi taruka, an sa hannu, amma an ɗora komai a kan dare ɗaya.

Makwabtanmu ma sun ɗanɗana. A ƙarshen 2024 wasu manyan bankunan Najeriya, ciki har da Sterling, Zenith da GTBank, sun sauya ko sun sabunta uwar manhajarsu, kuma masu ajiya sun yi kwanaki suna kuka da tura kuɗi.

A ɗaya ɓangaren akwai hukumar FBI ta Amurka, wadda ba wanda zai kira ta da sakaci da tsari. Ta kashe kusan dala miliyan 170 a kan wata manhajar adana bayanan bincike, ta watsar da ita a 2005 ba tare da ta yi aiki ba. Ta sake ba da kwangilar wata mai suna Sentinel a 2006, ita ma ta fara jan ƙafa. A 2010 hukumar ta karɓi ragamar aikin, ta rage tawagar zuwa 'yan gommai, ta koma zangon mako biyu-biyu. A Yulin 2012 Sentinel ta fara aiki.

Sauri ba shi ne magani ba

Sai dai a yi hattara da masu tallar ajayil kamar maganin gargajiya mai warkar da cuta 99. A ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin sabunti ga abokan hulɗarsa a lokaci guda. Kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows suka tsaya cik, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Sauyin ƙarami ne, amma gwajin bai kama kuskuren ba, kuma ba a saki abin mataki-mataki ba.

Kafin nan, a ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kusan minti 45, saboda an sa sabuwar manhaja a kan manyan kwamfutoci 7 aka tsallake ta 8.

Akwai kuma ajayil na baka. Za ka shiga ofis ka ga an manna takardu masu launi a bango, ana tsayuwar minti 15 kowace safiya, an sauya wa kowa sunan muƙami, amma gwaji na nan a ƙarshe kamar da, kwamiti na nan yana zama sau ɗaya a wata. Irin wannan ya fi tsohon tsarin muni, domin an zubar da takardun da ke kare mutum, ba a kawo gwajin da zai maye gurbinsu ba.

Ta ina hukuma mai tsoro za ta fara?

Hukumomin da suka ci nasara ba su fara da uwar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a ba. Sukan ɗauki abu ɗaya da ko ya samu matsala ba zai rusa gida ba, kamar neman bayanin asusu ta waya, su ba tawaga ɗaya ta yi shi a sabon tsari wata uku, sannan a kwatanta: kuskure nawa ya kai ga jama'a, awa nawa aka ɗauka kafin a gyara.

Sukan jawo mai binciken cikin gida da jami'in bin doka tun ranar farko. Abin da mai bincike ke nema shi ne shaida: wace doka ce, wane gwaji ya tabbatar da ita, yaushe, wa ya duba. Gwaji mai sarrafa kansa yana ajiye wannan da rana da sa'a, kuma ya fi wuyar yi wa coge a kan takardar da aka sa wa hannu ranar Juma'a da yamma. Ƙa'idar banki ta cewa mai shigarwa daban, mai tabbatarwa daban, ita ma ba ta faɗi ba: wanda ya rubuta sauyi ba shi ke amincewa da shi ba, sai wani ya karanta.

Sukan raba sauyi aji-aji. Gyaran rubutu a fuskar manhaja ba ya bukatar zaman manyan daraktoci. Taɓa lissafin kuɗin ruwa ko haraji kuwa yana bukata. Da haka kwamiti ke samun lokacin duba abin da ya cancanci dubawa.

Sai batun bayanan gwaji. Kwafo sunaye da lambobin mutane na gaskiya a zuba a kwamfutar gwaji ya ci karo da manufar dokar kare bayanai, don haka sai an ɓadda su ko a ƙirƙiro na bogi masu kama da na gaske. Kwangila ma sai an sake mata fasali, a riƙa biya bisa yankin da aka gama aka gwada.

Shi kansa Babban Bankin Ghana ya nuna ya san hanyar. A 2020 ya buɗe ofishin kula da sababbin fasahohin kuɗi. A Agustan 2022 ya ƙaddamar da wani killataccen fili tare da kamfanin EMTECH, inda ake barin sabuwar dabara ta yi aiki da mutane kaɗan a ƙarƙashin idonsa. Kuɗin intanet na eCedi ma bai sake shi ga ƙasa baki ɗaya ba. Tare da kamfanin Giesecke+Devrient na Jamus, ya gwada shi a Accra da Tarkwa, sannan ya kai shi Sefwi Asafo don ganin yadda zai yi a inda babu intanet. Idan mai sa ido da kansa yana gwaji kaɗan-kaɗan, da wuya banki ya ce dokar ce ta hana shi.

Wa ke biyan kuɗin kuskure?

Labarin da ya kamata duk mai rumfar momo ya sani ya faru ne a gidan wayan Birtaniya. Daga 1999 aka sa wa masu riƙe da ƙananan rassa wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a inda babu. Hukumar ta yarda da kwamfuta, ta ƙaryata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da sama da mutum 900 bisa zargin sata ko cogen lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu suka cike giɓin. Sai a 2019 wata babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar wanke waɗanda aka yanke wa hukunci.

Wakilin momo a Maamobi yana zaune ne a irin wannan kujera. In lissafin waya da kuɗin aljihunsa suka saɓa da dare, shi mai jari zai tuhuma, kuma ba shi da hanyar nuna cewa ba daga wurinsa ba ne.

Gurbin 'ya'yan zango

A nan akwai ƙofa a buɗe. Gwajin manhaja sana'a ce mai zaman kanta, har da takardar shaidar ƙwarewa ta duniya ta ISTQB, kuma shigarta bai kai wuyar zama cikakken mai rubuta manhaja ba. Tushe ma an fara zubawa. Regina Honu, mai shirin Tech Needs Girls, ta koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja tare da ƙungiyar Achievers Ghana. Cibiyar ZongoVation Hub da Mahmoud Jajah ya kafa tana horar da matasan zango fasahar zamani.

Abin da ɗan zango zai kawo teburin gwaji ba a koyar da shi a aji. Ya san mutum ɗaya na iya zama Mohammed a katin ɗan ƙasa, Muhammad a banki, Mahamadu a rajistar layin waya, kuma tun da aka wajabta Ghana Card a harkar banki daga 1 ga Yulin 2022, irin wannan saɓani kan tsayar da mutum a layi. Ya san tsohuwar da ba ta karanta Turanci, jikanta ke danna mata. Ya san waya ɗaya da mutum uku ke amfani da ita. Ya san daren jajibirin Sallah, lokacin da kowa ke tura kuɗin ɗinki da na rago a sa'a guda, shi ne ranar da za a san ko manhaja na da ƙashi.

Duk waɗannan misalan gwaji ne. In ba a sa su a ɗakin gwaji ba, za a gamu da su a bakin rumfa, da kuɗin mutane.

Mai gyaran rediyo a Zongo Lane yana ɗora mita a kan kayan sidi 5 kafin ya biya, domin ya san in ya kai gida ya ƙi aiki, kuɗin trotro da wunin ranar duk nasa ne. Hukumar da ke riƙe da ajiyar miliyoyin mutane ita ma za ta iya tambayar kanta kafin kowane sauyi: an ɗora mita? Wa ya gani? In ya ƙi, ta ina za mu koma?